Adakar Marigayi: Nazarin Wani Cinikin Kayan Tarihi a Zariya

Wannan lamari ya faru ne tsakanin wani ƙaramin ɗan kasuwa mai sayar da kayan gargajiya a Tudun Wada da wani gida na cikin ganuwar Zariya. Ba zan ambaci sunan kowa ba, domin gidan yana nan, shagon ma yana nan. Daga bakin mai shagon da bakin babban ɗan gidan na tattaro bayanin. Na ga ya cancanci a rubuta shi ne saboda ciniki ɗaya tak ya haɗo kusan duk abin da ke kayar da masu wannan sana'a: kayan da ba a tabbatar da mai su ba, kayan da ba a san shekarunsu ba, dokar da yawancin 'yan kasuwa ba su taɓa karantawa ba, da mai saye da ke son a ƙara wa kaya labarin da ba nasu ba.

Mai shagon gadon sana'ar ya yi. Mahaifinsa yana cikin 'yan kolin da suke ɗaure kaya a bayan keke su nufi Samaru a shekarun 1960 da 1970, lokacin da Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka buɗe a 1962, take cike da malamai Turawa. Sai su shimfiɗa tabarma a barandar gida, su baje tasoshin Bida, da jakunkunan fata, da tsakiya, da ƙoren da aka yi wa zane, a zauna a yi ta ciniki har la'asar. Wannan kasuwa ta daɗe da mutuwa. Turawan sun tafi, baƙi masu yawon buɗe ido sun ɗauke ƙafa saboda halin da hanyoyi suke ciki. Yau masu sayen kayansa su ne masu ƙawata wurin biki da ke neman akushi da faifai da ƙwarya don ranar kamu, da masu shirya fim da ke hayar takobi da alkyabba, da makarantu idan ranar al'adu ta zo, da ɗaliban sashen zane-zane, sai kuma fatake biyu ko uku da ke kai kaya Abuja da Legas. Rabin cinikinsa ta WhatsApp yake yi. Jarinsa bai taka kara ya karya ba: idan ya zuba naira dubu ɗari biyu a kaya ɗaya, to sai ya sayar kafin ya iya sayen wani.

Yadda adakar ta zo

Wata ranar Laraba bayan sallar isha'i wani saurayi ya sauke tsohuwar adakar ƙarfe daga Keke Napep a ƙofar shagon. Mai shagon ya san shi sama-sama, ya kuma san mahaifinsa ya rasu, ko sadakar arba'in ba a yi ba. Bayan gaisuwa da ƙarin haƙuri, yaron ya ce: “Baba, kayan tsohonmu ne. Suna ajiye kawai, asu na ci. Gara a sayar a yi wani abu da kuɗin.”

Da aka buɗe, ga abin da ke ciki: babbar riga ta saƙi mai aikin aska takwas, Alƙur'ani rubutun hannu cikin gafakarsa, takobi da kubensa, tasoshin tagulla guda uku, akushi biyu, butar shayi, agogon aljihu, wata 'yar jakar fata mai liyari shida da tsofaffin kwabbai da anini masu huji. Yaron ya sa naira dubu 300 a kan duka. Mai shagon ya taya dubu 180, yaron ya ce albarka, aka yi ta ja har aka tsaya a dubu 220. Ba shi da kuɗin a hannu, sai ya ba da dubu 100 kafin alƙalami, sauran bayan mako guda. Babu takarda, babu shaida sai yaron shago.

Tambaya ɗaya ya yi: “Mutanen gida sun sani?” Yaron ya ce sun sani. Bai ƙara ba.

A nan ne, a ganina, aka yi babban kuskuren, kuma ba kuskuren rashin sani ba ne. Duk wanda ya girma a Zariya ya san ba a fitar da kayan mamaci da dare, ya san ba ƙaramin ɗa ne ke sallama kayan gida ba alhali yayansa na raye, ya kuma san kafin a raba gado babu wani magaji da zai nuna abu ya ce nawa ne ni kaɗai. Mai shagon ya san duk wannan. Abin da ya rufe masa ido shi ne liyarin nan shida, da tsoron kada yaron ya wuce da adakar wurin wani. Tsoron kuwa ba na banza ba ne. 'Yan jari bola suna zaga unguwanni kullum, su a kilo suke sayen tagulla, kuma tasar da maƙeri ya shafe kwanaki yana yi wa zane ba ta fi murfin tukunya daraja a kan sikelinsu ba. Kayan tarihi da yawa a garin nan ba Turawa ne suka kwashe su ba, narkar da su aka yi. Wannan hujja ce da masu sana'ar ke yawan kafawa, cewa in ba su saya ba wuta za ta ci. Akwai gaskiya a ciki. Amma ba ta mayar da kayan marayu halal ga wanda ya saya daga hannun da ba shi da ikon sayarwa.

Abin da ke cikin adakar, ɗaya bayan ɗaya

Washegari ya rufe shago rabi, ya shimfiɗa farin ƙyalle, ya bi kayan a tsanake. A wannan fanni kam gwani ne, kuma yadda ya tantance su ya isa darasi.

Ya fara da liyari, don su ne masu sauƙi. Kuɗin azurfa ne na ƙasar Ostiriya mai hoton sarauniya Mariya Teresa, kowanne ɗauke da shekarar 1780. Masu kawo su sukan ɗauka sun riƙe abin da ya haura shekara ɗari biyu. Ba lalle ba ne. A 1780 sarauniyar ta rasu, kuma tun daga nan duk wanda aka buga da wannan shekarar ake buga shi, har cikin ƙarni na ashirin da bayansa, saboda fataken Larabawa da na Habasha da na ƙasar Hausa ba sa yarda da wani. Don haka shekarar ba ta nuna komai. Darajarsa tana cikin azurfarsa: nauyinsa giram 28 ne da ɗan ɗoriya, kashi 833 cikin 1000 azurfa. Ya auna su a sikelin maƙerin zinariya, ya buga kowanne a kan siminti ya saurari ƙararsa, duka shida suka fito na gaske. Farashin azurfarsu kaɗai ya haura kuɗin da ya sayi adakar baki ɗaya. Kwabban da anini masu huji kuwa na zamanin Turawan mulki ne, suna da yawa a gidaje, ba su da wani kuɗi.

Rigar ce ta ci masa lokaci. Ya juya ta ciki waje. Jikinta ƙyallaye ne sirara na saƙar hannu, kowanne bai fi faɗin yatsu biyu ba, an harhaɗa su da allura; ɗinkin ba ya tafiya daidai wa daida kamar na keke, wani taku ya fi wani tsawo. Zaren kaɗin hannu ne, ana gane shi da kauri a nan, siranta a can. Launin saƙin baƙi-baƙi ne na baba da ɗigon fari irin na jikin zabo. Aikin da ke kan aljihu da wuya na tsamiya ne, wato silikin daji, ba ya ƙyalli irin na zaren kanti, ya koma ruwan ƙasa-ƙasa saboda tsufa. Asake takwas ɗin sun sauko a jere, ga tambari a ƙirji na dama da wani a baya. Shafin da ke bakin rigar ja ne na alharini, ya ƙoƙe a inda ƙafa ke taɓawa. A kafaɗar hagu, inda ake naɗe hannun riga a ɗora, zaren ya lallace har ana hango haske. Irin wannan cin ba a iya ƙirƙirarsa: shekaru ne na sawa da naɗewa a wuri guda.

Duk wannan ya nuna tsohuwa ce, amma bai ba da shekara ba. Zariya gari ne na ɗinkin hannu. Har yau a unguwannin cikin birni maza da mata suna zaune da allura suna fitar da aska biyu da aska takwas, kuma an ci gaba da saƙa saƙi da zaren hannu shekaru da yawa bayan zuwan jirgin ƙasa da yadin kanti. Rigar 1910 da ta 1940 suna iya yin kama ƙwarai.

Alƙur'anin warƙoƙi ne a sake, ba a ɗinke su ba, kamar yadda aka saba a ƙasar nan, an haɗa su tsakanin bango biyu aka ɗaure da igiyar fata. Ruwayar Warshu ce, baƙaƙe da baƙar tawada, wasulla da ja, hamza ɗigon rawaya, ga zayyana a gefe wurin kowane hizbi da rubu'i da sumuni. A ƙasan warƙa an rubuta kalmar da za ta fara ta gaba, don kada su rikice. Ya yi alwala, ya ɗaga warƙa ɗaya ya saita ta da hasken ƙofa, sai ga alamar jinjirin wata uku a jere cikin jikin takardar. Takarda ce da ake yi a arewacin Italiya, tana shigowa ta Masar da Tarabulus a ƙetaro Sahara da ita, kuma ita ce malamanmu suka fi rubutu a kai a ƙarni na sha tara har zuwa farkon na ashirin. A warƙar ƙarshe marubucin ya sa sunansa da na mahaifinsa, ya roƙi gafara, amma bai sa shekara ba.

Takobin ruwansa miƙaƙƙe ne mai kaifi biyu, kuben jar fata da ado na tagulla a baki da gindi. Ba irin na sifirin mota ba ne da ake ƙerawa yanzu don 'yan fim. Tasoshin aikin Bida ne, masu kyau, amma ba su yi masa kama da masu tsufa sosai ba. Sauran kayan na yau da kullum ne.

Tayin mutumin Legas

Ya ɗauki hotuna ya tura wa ɗaya daga cikin fataken da ke kai kaya Legas. Ko awa guda ba a yi ba sai ga kira. Mutumin bai ko tambayi tasoshi da liyari ba. Riga, Alƙur'ani da takobi yake so, naira dubu 900, a saka a motar dare. Yana da wanda zai karɓa, kuma bai ɓoye cewa waje kayan za su tafi ba. Sai ya ƙara da sharaɗi: “Alhaji, ka ɗan rubuto mana takarda. Ka ce daga gidan sarauta ta fito. In ka ce tun zamanin Sarauniya Amina ma ba wanda zai musa.”

Wannan ba baƙon abu ba ne a sana'ar. Akwai masu rataye sabon sassaƙa a madafa hayaƙi ya turara shi wata uku, akwai masu binne tagulla a ƙasa mai damshi ko su shafa mata ruwan batir ta yi tsanwa, akwai masu jiƙa ƙyalle a ruwan shayi. Amma mafi arahar algus shi ne na baki: a laƙa wa kaya sunan Amina, ko Bayajidda, ko wani sarki. Masana tarihi galibi a ƙarni na sha shida suke sanya zamanin Amina, kuma rigar auduga ba ta shekara ɗari huɗu a adaka cikin damina da gara da asu. Mai shagon ya ce shi ba zai rubuta abin da bai sani ba. Hadisin da Muslim ya ruwaito, cewa wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu, ba ya barin bakinsa, kuma shaida ce da zan ba shi: ban taɓa jin ya ƙara wa kaya shekaru ba. Sai dai bai ƙi tayin ba. Ya ce a ba shi kwana biyu. Ribar dubu ɗari shida da wani abu ga mutumin da kuɗin hayar shago ke jiransa ba abin da ake turewa da ƙafa ba ne.

Cikin kwana biyun nan ya je wurin wani dattijo, tsohon ma'aikacin gidan tarihi da ya yi ritaya yake zaune a Gyallesu, wanda yakan kai wa kaya idan sun shige masa duhu. Dattijon ne ya warware masa dokar.

Dokar ita ce ta 77 ta shekarar 1979, wadda ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa. Kafin ta an yi ta 1953 da ta 1974. Ta ce duk wani aikin hannu na 'yan ƙasa, ko sassaƙa ne, ko ƙofa, ko ganga, ko makami, ko kayan sarauta, ko rubutun hannu, ya zama kayan tarihi idan an yi shi kafin 1918. Ta kuma ƙara hanya ta biyu: ko bai kai wannan shekarun ba, in dai yana da muhimmanci na tarihi ko na fasaha kuma an taɓa amfani da shi a wani bikin gargajiya, ya shiga. Abin da ya fi girgiza mai shagon shi ne wannan: ba fitarwa waje kaɗai aka hana ba. Ba wanda ya halatta ya sayi irin wannan kaya sai wakilin da hukumar ta amince da shi a rubuce, ba kuma wanda ya halatta ya sayar sai ga wannan wakili. Hukuncin tarar naira 2,000 ne ko ninki biyar na darajar kayan, duk wanda ya fi yawa, ko ɗaurin shekara uku. Fitarwa waje kuma sai da izinin hukumar. Wanda ke shakkar abin da ke hannunsa yana iya kai shi ko hotonsa a duba, in ba kayan tarihi ba ne a ba shi takardar wankewa.

Shi a da ya ɗauka dokar ta tsaya ne a kan kayan haƙa: kawunan yumɓun Nok da aka fara tsinta a 1928 wurin haƙar kuza a kudancin jihar nan, da makamantansu na Katsina da Sakkwato, waɗanda majalisar gidajen tarihi ta duniya ta sa cikin jerin kayan da ta gargaɗi kowa kada ya saya tun shekarar 2000. Waɗannan bai taɓa taɓawa ba, ko an kawo masa yakan ce a wuce da su. Bai taɓa kawo wa ransa cewa riga da takobi daga adakar maƙwabci suna ƙarƙashin doka ɗaya da su ba.

Dattijon ya kuma tuna masa da abin da ya riga ya sani daga zaure: malaman Malikiyya sun hana a sayar da Mus'hafi ga wanda ba Musulmi ba. Idan ya saka shi a motar dare, ya san hannun wa zai ƙare?

Zuwan babban wa

Kafin kwana biyun su cika, maganar ta fita daga hannunsa. Hajiya, matar marigayin, tana cikin takaba, ta aika a ɗauko mata Alƙur'anin mai gidan, aka tarar babu adaka. Ranar Asabar da hantsi babban ɗan gidan, malamin makaranta ne, ya zo shagon tare da wakilin mai unguwa. Bai ɗaga murya ba. Ya ce: “Alhaji, kai ba baƙo ba ne a garin nan. Ka san ba a raba ba.” Mai shagon ya ce ya sani, ya buɗe adakar, aka ƙirga komai yana nan.

Da a ce ya karɓi kuɗin Legas ranar Alhamis, da zancen ya zama na 'yan sanda da kotu. Jinkirin kwana biyu ne ya tsirar da shi, kuma ba zan ce tsantsar tsoron Allah ne ya jawo jinkirin ba. Akwai shi, akwai kuma taka-tsantsan na ɗan kasuwa da ya ji ƙanshin rigima.

Aka zauna a zauren gidan da yamma: limamin unguwa, wakilin mai unguwa, 'ya'ya maza biyu, mijin babbar 'yar, da mai shagon. Hajiya tana daga ciki, babban ɗanta ke kai magana yana kawowa. Liman ya fara da hukuncin cinikin: wanda ya sayar da abin da ba nasa ba, cinikin yana rataye ne a kan yardar masu shi, in sun ƙi ya warware. Sun ƙi. Sai ya juya ga farashin, ya tambayi mai shagon ko ya san darajar liyarin lokacin da yake tayawa. Ya ce ya yi zato. Liman ya ce yaron bai san kasuwa ba, ya dogara ne da kai, kuma cin irin wannan riba daga wanda ya miƙa maka wuya ba ciniki ba ne. Ya kawo hanin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi na tarar fatake a hanya a saye kayansu kafin su iso kasuwa su ji farashi.

A zaman nan ne asalin kayan ya fito, kuma daga bakin Hajiya ya fito, ba daga wani masani ba. Tasoshin uku ba na marigayi ba ne sam. Nata ne, cikin kayan ɗakinta, mahaifiyarta ta saya mata lokacin aurenta, shekara guda bayan an canja kuɗi zuwa naira a 1973. Ba su cikin gado, ba su kuma kusa da 1918. Akusan wani masassaƙi ne ya yi wa mai gidan, ta san shi. Alƙur'anin kakan mai gidan ne ya rubuta da hannunsa, sunan da ke warƙar ƙarshe nasa ne. Rigar da takobin kuwa na mahaifin mai gidan ne, wanda ya yi barantaka a gidan wani hakimi yana saurayi. Ubangidansa ne ya ba shi rigar a zamanin Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi, kuma da ita da takobin yake hawan Sallah har ya tsufa.

Aliyu Ɗan Sidi ya yi sarauta daga 1903 zuwa 1920. Ke nan shekarar 1918 ta faɗo a cikin zamaninsa, kuma labarin bai raba gardamar ko kafin ta ko bayanta aka ɗinka rigar ba. Amma hawan Sallah ya raba: ta hanya ta biyu ta dokar, riga da takobin da aka yi ta hawa da su sun shiga sahun abin da ɗan kasuwa ba zai saya ba sai da bayanin hukuma.

Abin lura a nan shi ne, labarin gaskiya da Hajiya ta bayar cikin minti goma ya fi ƙaryar da mutumin Legas ya nema daraja nesa ba kusa ba. Riga mai sunan wanda ya sa ta, da wanda ya bayar, da zamanin sarkin da aka bayar, ita ce abin da gidan tarihi da mai bincike ke nema. Da ta hau motar dare, da duk wannan ya tsaya a zauren, ita kuma ta isa can a matsayin tsohuwar rigar Hausa kawai, ko da ƙaryar Amina a wuyanta.

Yadda aka rabu

An kasa kayan uku. Tasoshi suka koma ɗakin Hajiya. Riga, takobi da Alƙur'ani suka koma adaka, magada suka amince kada a sayar da su yanzu. Sauran, wato liyari, agogo, buta, akusa da kwabbai, aka damƙa wa mai shagon ya sayar a matsayin dillali, la'adarsa kashi ɗaya cikin goma, kuma wannan karon an rubuta, shaidu sun sa hannu. Liyari da agogo ba aikin ƙasar nan ba ne, akusan kuma an san shekarunsu, don haka babu abin da ya hana.

Cikin wata biyu ya sayar. Liyari shida suka tashi dubu 270 a wurin maƙerin azurfa, sauran kayan dubu 130, jimla dubu 400. Ya cire dubu 40, ya kawo dubu 360. Marigayin bai bar bashi ko wasiyya ba, iyayensa sun riga shi, magadansa mata ɗaya ne, 'ya'ya maza biyu, mata uku. Hajiya ta ɗauki tumuninta, dubu 45. Kowace 'ya mace dubu 45, kowane namiji dubu 90. Kason ƙaramin aka miƙa wa mai shagon a madadin kafin alƙalaminsa, wanda yaron ya riga ya kashe wajen biyan wani bashi, saura dubu 10 a kansa.

Lissafin mai shagon ke nan: ya samu dubu 40 a inda ya hango fiye da dubu 600, kuɗinsa dubu 100 sun kwanta wata biyu ba su juya ba, mutumin Legas kuma ya daina ɗaukar wayarsa, wanda hakan rashi ne na gaske, don yana cikin masu ɗauke masa kaya da yawa.

Ina da ƙorafi a kan dokar ita kanta, kuma wannan lamari ya ƙarfafa shi. Manufarta daidai ce. Wanda ya ga yadda aka yi ta fafutuka kafin Jamus ta fara dawo da tagullan Benin a Disambar 2022 ya san fitar kaya sauƙi gare ta, dawowarsu ce wuya. Amma doka ce da ta hana sayarwa ba tare da ta buɗe wa talaka wata ƙofa mai sauƙi ba. Gidan da ke da riga irin wannan kuma yake bukatar kuɗin asibiti, me zai yi? Gidan tarihi na ƙasa yana Kaduna, Gidan Arewa da ke adana rubuce-rubuce yana Kaduna, nan Zariya ma jami'a tana da ma'ajiyar tsofaffin littattafan hannu, amma mutanen cikin lungu ba su san ana kai hoto a duba ba, ba su san wa za su tambaya ba. Wanda suka sani shi ne mai shagon Tudun Wada da ɗan jari bola. Tunda ƙananan dillalan nan su ne ke fara ganin kayan, kamata ya yi a san da su, a yi musu rajista, a koya musu abin da ya halatta su taɓa da abin da za su kai rahoto. Barin su cikin duhu fataken dare kaɗai yake amfana.

Mai shagon yanzu yana da littafi mai bangon kwali. Duk abin da ya shigo yana rubuta ranar, da wanda ya kawo, da unguwarsa, da inda ya samo shi, ya ɗauki hoto, kuma kayan mamaci ba ya karɓa sai babban gida ya zo da kansa da rana. Babban wan ya sa an rubuta bayanin Hajiya a takarda an saka cikin adakar, wani malamin jami'a kuma ya zo ya ɗauki hoton warƙoƙin Alƙur'anin da izininsu. Yaron ya biya dubu 6 cikin dubu 10.

Maganar takobi ce ba ta mutu ba. Ƙaramin yana cewa yana da haƙƙi a ciki kuma shi kuɗi yake bukata, 'yan'uwansa mata biyu suna bayansa. Babban ya ce zai sa a yi masa ƙima ya biya kowa kasonsa ya riƙe, amma an kasa daidaitawa a kan wanda zai yi ƙimar, don ƙaramin ya riga ya ji adadin da mutumin Legas ya taya. Liman ya ɗage zancen zuwa lokacin da za a yi wa gidan kansa kuɗi.